Kakin Da Yake Hucewa A Hanya

Shekarar da gwamnati ta taso daga Legas, muna zaune a Kubwa, ɗaki ɗaya da baranda. Maigidana direba ne a ma'aikata, tun asuba yake bin bas. Ina da ciki maƙwabciyarmu Iya, wata dattijuwa Bayarabiya, ta koya mini zane da kaki: a narka kyandir, a tsoma soso mai tsini, a zana a farin yadi, sannan a rina. Inda kaki ya kama, rini ba ya shiga.

Matan Gwari na fara zanawa, waɗanda nake gani suna gangarowa daga dutse da itace a kafaɗa. Ban gama ba haihuwa ta zo. Yadin ya yi wata da watanni a ƙarƙashin katifa, matan ba ƙafafu. In ina shayarwa da rana, gyangyaɗi ya ɗauke ni, sai in gan su suna shawagi bisa rufin kwano, suna neman wurin sauka.

Ina son komawa, tsoro ya hana. Yarinyar ta fara rarrafe, ni kuwa ko shayi na ɗauka sai in ga kamar ya zube mata.

Ranar da na yi ta maza, na kai risho can bakin famfo, yadin kuma a baranda kusa da yarinyar. In tsoma soso, in taho da sauri, in shafa. Kafin in iso kakin ya huce, sai ya daskare a saman yadi kamar kitse.

Iya ta leƙo, ta sa farce, ya ɓare.

"Maman bebi, wannan kaki ne ko tuwo? Sai da zafi yake shiga."

"Iya, in ya ƙona ta fa?"

"Kawo yarinya nan. Bayana bai tsufa ba."

Ta goya ta, ta zagaya bayan gida. Na jawo risho dab da gwiwata. Kunnena na can wurinsu. Shafar farko ta nutse, yadin ya yi duhu a wurin kamar an jiƙa shi. Warin kyandir ya cika baranda, hayaƙi siriri na tashi.

Ban san lokacin da na daina sauraren kuka ba. Sai da nono ya jiƙa mini riga na ɗaga kai. Ashe Iya na tsaye tun ɗazu, yarinyar na barci a bayanta.