Ƙirjin Malam Inuwa Mai Wankin Hula

In ka ji ana ba da tarihin sashen ciwon zuciya na jami'ar nan, sunayen farfesoshi kawai za a jero maka. Rashin adalci ne! Malam Inuwa mai wankin hula a Gyaɗi-Gyaɗi ya fi rabinsu daɗewa a wurin.

Tun sashen yana ɗaki biyu, zamanin soja, aka gano wata ƙofa a zuciyarsa ba ta rufuwa sosai. In aka ɗora abin sauraro, sai a ji tana huci kamar an yayyafa wa dutsen guga ruwa. Likitoci suka yi ta murna kamar sun tsinci zinare. Daga nan duk lokacin jarrabawar ɗaliban likita, mota ake turowa har bakin rumfarsa, a kwantar da shi a gadon bakin taga, ɗalibi ya saurara ya faɗi cutar.

Mutumin naka kuwa ya san kan tsiya. Ɗalibin da ya rusuna ya ce "Baba, ina kwana?", sai Inuwa ya karkata hagu, ya riƙe numfashi, sautin ya fito tangaran. Wanda ya shigo yana hura hanci, tari zai sarƙe Inuwa nan take, ko ya hau tambayarsa ɗan gidan wane ne. A unguwa cewa yake yi, "Ba likitan da ya fita daga can sai da sa hannuna."

Da mulki ya koma hannun farar hula, 'yan siyasa suka fito da babbar riga, huluna suka yi masa yawa. Yana cikin dirzar hula wata rana numfashi ya gagare shi. Dakta Saratu, 'yar Kafanchan da ke shugabantar sashen, ta duba shi ta ce, "Baba, ƙofar nan ta gaji. Ko a gyara ta bana, ko ta tafi da kai."

"In an gyara, hucin fa?"

"Zai ɓace."

Ai sai ya gudu Ƙauyen Alu wajen ƙaninsa. Ba wuƙa yake tsoro ba, wallahi. Tsoronsa ya zama mai wankin hula kawai. Matarsa Rabi ce ta tono shi, ta tasa shi gaba har wani asibiti a kudu, aka yi aikin.

Lokacin jarrabawa ya zagayo. Ya yi wanka, ya kafa hula, ya zauna har azahar, mota ba ta zo ba. Ya taka da ƙafarsa, ya tarar da wani ƙato a gadonsa. Dakta Saratu ta ja shi gefe, ta saurara, ta yi murmushi.

"Shiru kake ji, Baba. Ka warke sarai."

Ya ɓalla maɓallansa ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya ciko. "Kin kyauta," in ji shi, "kin kore ni daga aiki."

Ya ƙara shekara ashirin a duniya, lafiyarsa ƙalau, kuma bai taɓa yafe mata ba.