Kunnen Baba Bakanike

Shekara talatin da takwas Baba bakanike yana gyaran mota, bai taɓa yarda ya duba injin da aka kawo masa da zafinsa ba.

"Mota mai zafi maƙaryaciya ce," yakan ce. "Ku bar ta ta kwana, da safe za ta faɗi ciwonta."

Da safen sai ya tsaya gefen inji, ido a rufe, hannu a baya, ya kasa kunne. Da an tayar da injin, tari ɗaya ya ishe shi ya ce fulogi ne, ko kafireta ta toshe.

Ƙarar gareji ta yi ta cin kunnen nan a hankali, aka rasa mai ƙarfin halin gaya masa.

Bara motar autarsa ta fara mutuwa kowace safiya, ta kawo ta ta kwana a ƙofar gidansa. Gari na wayewa ya tsaya yadda ya saba. Ta murza makulli, injin ya tashi, ya yi tari, ya mutu.

Baba yana nan tsaye, ido a rufe.

"Auta, tayar da ita mana."

Ta goge ido da bakin mayafi. "To, Baba."