Injiniya da Kunkurun Matarsa

Bai taɓa shiga jami'a ba, amma kowa a unguwa Injiniya yake ce masa. Shekara talatin da takwas yana aikin wutar lantarki, filaya a aljihun baya, tsani a kafaɗa. In ka miƙa masa ƙwan fitila, girgiza shi kawai zai yi kusa da kunne ya gaya maka ko ya mutu. Yakan ce abu biyu ne a gidansa ba ya taɓawa sai ya nemi izini: rediyon matarsa da kunkurunta.

Kunkurun nan a bakin hanya ta tsince shi, bai fi tafin hannu ba. Ta sa masa suna Gaggawa, don a cewarta shi da maigida tafiyarsu ɗaya in an aike su. Shekara shida yana yawo a tsakar gida, yana shan hantsi kusa da inda take shanya. Tana yanka masa ganye tana ba shi labarin maƙwabta. Injiniya kuwa sai ya tsallake shi ya wuce aiki.

Da ta rasu, bayan jinyar wata huɗu, yaran suka ce ba zai zauna shi kaɗai ba. Aka sayar da gidan. Babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya a asibiti, ta ɗauke shi zuwa gidanta a hawa na huɗu na wani bene. Kaya kaɗan ya ɗauka: akwatin aiki, tufafi, sai Gaggawa a cikin baho.

Ya haɗa masa babban akwatin katako, ya ajiye a gindin taga. Rana na shigowa ta gilashi na ɗan lokaci da safe, sauran yinin kuma ya rataya masa ƙwai mai haske sosai, wanda ya zaɓa da hannunsa. Da 'yar ta ce ko za a tambayi masu sani, sai ya yi dariya.

"Ni za a koya wa fitila? Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."



A haka aka yi kusan shekara biyu. Gaggawa ya rage ci, ya fara jan ƙafafun baya. Wata safiya Injiniya ya ɗaga shi zai share akwatin, sai ya ji ƙoƙon cikinsa ya lotsa a ƙarƙashin yatsansa kamar kwali. Ya daɗe a tsaye da shi a hannu. Ranar ya sauko benen, gwiwoyinsa na ciwo, ya nemi asibitin dabbobi.

Likitar matashiya ce, ba za ta girmi autarsa ba. Ta duba, ta tambaye shi inda kunkurun yake kwana da abin da yake ci.

"Baba, rana ce ya rasa."

"Rana kuma? A bakin taga yake, Likita. Ga fitila kuma, in kin shiga ɗakin sai kin kare ido."

Ta yi masa bayani a hankali. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, da shi jikin kunkuru yake iya amfani da sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da ƙoƙo. Gilashin taga yana tare wannan kashin. Ƙwan ɗaki kuma, komai haskensa, ba ya bayar da shi.

Injiniya ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Wato duk tsawon lokacin nan a duhu yake."

"Ba ka sani ba ne, Baba."

"Ai an ce in tambaya," in ji shi.

Ta rubuta masa magani, ta kuma rubuta haruffa uku a takarda, UVB, ta ce ya nemi fitilar da aka rubuta haka a kwalinta. Shago uku ya shiga kafin ya samu, a wurin wani mai sayar da kifin ado da tsuntsaye. Mai shagon ya fito da iri biyu, wani murɗaɗɗen ƙwai ƙarami da wata doguwa. Mutumin da bai taɓa tambayar kowa game da fitila ba ya tsaya yana tambaya kamar sabon almajirin sana'a. Wacce ce haskenta zai rufe faɗin akwati? Doguwar. Tazara nawa tsakaninta da bayan kunkuru? Kamar kamu ɗaya da rabi, kuma kada gilashi ko roba su shiga tsakani. Tana ba da ɗumi? A'a, sai an haɗa da wani ƙwan daban a gefe guda, a bar ɗaya gefen da inuwa.

"Kuma Baba, kafin shekara ka canza ta, ko da tana kamawa. Hasken da kake gani yana nan, amma wanda ake nema ya ƙare."

Injiniya ya ɗaga ta zai girgiza kusa da kunne, sai ya fasa, ya mayar da ita cikin kwali.

Ya ɗaura ta da awo, ya sake aunawa sau uku. Kullum da safe ya kunna, da magariba ya kashe. Bayan wata uku Gaggawa ya dawo cin ganye, ƙoƙon ya fara tauri, amma ƙafar baya ta hagu ba ta dawo ba, bayansa kuma ya karkace. Likita ta ce fitila ta yi iyakar ƙoƙarinta, abin da ya fi masa shi ne ƙasa da rana ta gaske. Tana da wata ƙawa mai lambu a bayan gari da take riƙon irinsu.

Sati biyu bai ba da amsa ba. Ya gwada sauka da Gaggawa a baho kowace safiya zuwa bakin titi, amma a kwana na biyar gwiwa ta ƙi, sai da maƙwabci ya riƙo shi suka hau. Da yamma 'yar ta dawo aiki ta same shi zaune gaban akwatin.

"Baba, ka ci abinci?"

"Kira Likita," ya ce. "Ki ce mata na yarda."

'Yar ce ta kai su a mota. Ya ajiye Gaggawa a kan ciyawa da hannunsa, ya yi wa mai lambun bayanin irin ganyen da yake so da wanda ba ya so, har ya maimaita. Kunkurun ya ja ƙafarsa ya shige ƙarƙashin wani ɗan kurmi, bai waiwayo ba. A hanyar dawowa 'yar ta ga yana share ido da gefen hula, sai ta mai da hankalinta kan titi.

Da farko duk wata yakan je, mota biyu yake hawa. Ya dawo ya ce wa 'yar, "Ya yi ƙiba," ya shige ɗaki. Yanzu wata uku ke nan bai sauka benen ba. Mai lambun takan turo hoto a waya, 'yar ta kai masa, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko har yanzu yana jan ƙafar.