Rawanin da Goggo Ta Kwance

Sati uku ke nan, amma har yanzu in na ji ƙarar amalanke a bayan gidanmu sai gabana ya faɗi.

Ranar Alhamis ce da hantsi, Baba yana loda buhunan riɗi zai kai kasuwar Maigatari. Ban san abin da ya firgita san da ke jan amalanken ba, sai kawai ya ja da baya, amalanken ya matse Baba da katangar zaure. Da aka janye shi bai yi ihu ba. Ya dafe gefensa na dama, baki buɗe, yana neman iska.

Baffa, ƙanensa, shi ya fara isowa. Ya warware rawaninsa ya naɗe ƙirjin Baba tam, yadda ake yi wa karaya. Ni na riƙe masa bakin rawanin yana ja. Abin da ya fi damuna ke nan har yau, don tun daga nan numfashin Baba ya koma guntu-guntu, leɓensa ya fara sauya launi.

Goggo, yayarsu, ita ta gaji ɗori a wurin kakanmu. Ta shigo ko takalmi babu, ta dubi rawanin.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, Yaya," in ji Baffa. "Don kar ƙashin ya motsa."

"Buhun riɗi ka samu? To ka ɗaure, saura ka kai shi kasuwa." Tana magana tana kwancewa. "Ƙafa ce ake ɗaurewa ta zauna wuri ɗaya. Haƙarƙari in ka hana shi motsi, da me mutum zai yi numfashi?"

Ta sa aka zaunar da Baba. Sai ta kama hannuna ta ɗora a bayansa, nata a kan nawa. Muka biyo gadon bayan tun daga gindin wuya, gaɓa bayan gaɓa. Ta ce ya motsa yatsun ƙafarsa, ya motsa, ta yi hamdala. A makaranta na haddace cewa haƙarƙari goma sha biyu ne kowane gefe, har na zana su a jarrabawa, amma ban taɓa sanin kowanne daga gaɓarsa yake tasowa ya zagayo gaba ba, sai da ta bi da yatsuna a kai. Na hagu suna ɗagawa suna sauka, na dama sun ƙi.

"Naman da ke tsakaninsu ne ya ƙulle don zafi," ta ce mini. Ta ɗan danna wani wuri, Baba ya zabura. "Biyu ne. Sun tsage, ba su goce ba."

Ta sa ya tofa yawu a ƙasa, ta sunkuya ta duba. Babu jini.

"Sai ki ɗora masa, Yaya," in ji Baffa a hankali.

"Babu abin da zan ɗora. Nemo mota a kai shi asibitin Gumel a yi masa hoto. Hannuna ba ya ganin huhu."

Ta ba Baba matashi ya rungume a gefen da ke ciwo.

"Ja numfashi, Malam. Har ƙasa."

"Yaya, da zafi fa."

"Na sani. Ja."

Ya runtse ido ya ja. Tafina yana nan a bayansa, na ji gefen daman ya buɗe kaɗan, sannan ya ƙara buɗewa. Kafin motar ta iso leɓensa ya dawo daidai, har yana tambaya ko an kwance san.