Tsohon da Ya Toshe Ruwan Gaba Shida

A unguwar nan ta bayan garejin makanikai, in ka ce kana neman mai haƙar rijiya, sai an tsaya ana tambayarka wanne. Amma ka ce Baba Ɗanɗana, ko kaza ta san ƙofar gidansa. A bakin aiki ya samo sunan. Duk inda ya kafa dagi, sai ya ɗebi ƙasar wurin ya murza, ya shinshina, ya taɓa a harshe. Matarsa ta sha faɗin cewa shekara arba'in tana masa girki, bai taɓa ɗanɗana miyarta da natsuwar da yake ɗanɗana laka ba.

Wajen kawunsa ya koyi aikin, tun gemu bai tsiro ba. A ɗakinsa akwai kanta cike da gwangwanayen madara, kowanne da ƙasar wata rijiya: ja, baƙa, tsakuwa, yumɓu, farin yashi. Yakan ce ƙasa tabarmi ce aka jibga wata kan wata, kowace da zamanin da aka shimfiɗa ta. A wani gwangwanin har da ɓawon katantanwa da ya zama dutse, wanda ya haƙo can ƙasa. In an tambaye shi, sai ya ce ai teku ta taɓa kwana a wurin.

"To Baba, kifin fa?" in ji telan unguwa, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu. "Ko kai ka cinye?"

"Da ka zo da wuri, da ka samu kan."

To, ana nan sai famfo ya ɗauke, wata da watanni ko ɗigo. Mata suka gaji da dakon jarka daga nesa, unguwa ta yanke a haƙa rijiya a filin da ke gefen shagon tela. Ciyaman na unguwa ya kira Baba, ya haɗa shi da lebura biyu masu jan ƙasa.

Ranar kwana tara, a gaba shida, ruwa ya fara tsatsafowa ta bangon ramin. Kafin ka ce kwabo fili ya cika, mata da bokitai, yara na tsalle. Aka jawo Baba sama. Fuskar nan murtuk.

"Wannan ba ruwa ba ne," ya ce.

"To mene ne, shayi?" in ji tela.

Baba bai kula shi ba, ya juya ga ciyaman. "Ranka ya daɗe, ruwan daminar da ta wuce ne. Ya nutse, ya tarar da yumɓu, yumɓu ya hana shi wucewa, sai ya bi gefe yana yawo. Leƙa ka ga ta ina yake shigowa. Ta wajen gareji ne, ta wajen masai na gidajen can. Na shinshina, har baƙin mai na ji. Kuma zafi na yi zai ƙafe. Ruwan gaskiya yana ƙarƙashin yumɓun nan."

Ciyaman ya ce, "Haba Baba, ruwa ruwa ne. Mutane sun jigata. A bar shi haka."

"Ramin naku ne, ranka ya daɗe, amma sunan nawa ne. Ba za a ce jikokinku sun sha masai a rijiyar da na haƙa ba."

Ciyaman ya ɗauka maganar tsufa ce, za ta wuce. Bai san Baba ba. Washegari da sassafe tsohon ya sa aka zura zobban siminti, ya bi kowane haɗi ya liƙe tsaf, ya kwashe ruwan da ya taru. Kafin rana ta take, rijiya ta bushe ƙayau.

Ranar an ji abin da kunne bai taɓa ji ba. "Mun kira ka ka fito da ruwa, ka zo ka toshe shi!" Ciyaman ya janye leburorinsa, ya kuma rantse in Asabar ta zagayo babu ruwa, zai kawo wani ya fasa simintin, Baba kuma kada ya ƙara taɓa dagi a unguwar.

Mai haƙa ba ya aiki shi kaɗai, dole sai da mai jan ƙasa a sama. Baba na tsaye bakin rami da igiya a hannu sai ga matarsa, ta ci ɗamara.

"Uwar yara, me ya fito da ke?"

"Taurin kanka mana. Ba ni igiyar. In ka mutu a ciki, wa zai kwashe min gwangwanayen nan daga ɗaki?"

Ita ta ja ƙasar, rabin bokiti rabin bokiti, tana ja tana mita. A kwana na biyu maƙwabciyarta ta kama mata, ba don ta yarda da Baba ba, sai don kunya. Kullum da safe, kafin ya sauka, yakan zura fitila mai ci. In ta mutu, ya san iskar ƙasan ramin ta ɓaci, sai ya buɗe tsohuwar laima ya ɗaura a igiya, ya yi ta zurawa yana jawowa har iska ta sauya.

"Jama'a ku zo ku gani!" tela na ihu daga shago. "Ruwan ya ƙi zuwa ta ƙasa, Baba ya shirya wa na sama!"

Yumɓun nan kuwa ya yi kauri fiye da yadda Baba ya zata. Gaba takwas, yumɓu. Gaba goma, yumɓu. Tafin hannunsa ya fashe, bayansa ya ƙi miƙewa. Ranar Alhamis matarsa ta leƙa ta ce, "Malam, in fa ka yi kuskure?"

Muryarsa ta taso daga can ƙasa: "In na yi kuskure, an rasa rijiya. In su suka yi, yara za a rasa. Jawo."

Ranar Juma'a da hantsi, a gaba goma sha ɗaya, dagi ya zurma kamar an buga shi a kabewa. Farin yashi ya ɓullo, ruwa mai sanyi ya biyo baya da ƙarfinsa, yana hawa da kansa. "Ku jawo ni!" Mata biyu ba su iya ba. Tela ne ya yar da almakashi ya rugo ya kama igiya, aka fito da tsohon jiƙe har ƙugu.

Fili ya sake cika. Ciyaman ya iso yana gyara hula, ya ce ai da ma shi bai taɓa shakka ba, ya miƙa hannu a ba shi guga ya fara ja.

Baba ya jawo murfi ya rufe rijiyar, ya hau kai ya zauna, ya gitta dagi a cinya.

"Bai kwanta ba, ranka ya daɗe. Sai an kwashe shi sau biyu, ya kwana uku."

"Baba, makogwaro fa ya bushe!" in ji tela.

"Wanda ya yi wata shida yana jira ba kwana uku ne zai kashe shi ba. Uwar yara, kawo min abincina nan. Yau a nan zan ci."