Gaisuwar Suruki a Kan Likkafa Ɗaya

Ko tsufa zai kwashe mini komai, ranar da aka rataya mini usur aka tsayar da ni a bakin ƙyauren gonar doya ba za ta fita daga kaina ba. Ku da kuka zo bargar nan daga baya, ku bar wannan surutun ku saurara. Shekarar 2003 ce, in ji masu lissafi. Ni dai na san lokacin tonon doya ne, wayar hannu kuma ba ta daɗe da shigowa Lafia ba.

Aikina a lokacin shi ne na yau: riƙon makullin ɗakin dusa da harawa, da dafa wa 'yan barga abinci. Gonar nan da bargarmu take ciki, a hanyar Kwandere, ta marigayi Alhaji ce, mai fataucin shanu. Da ya rasu, ɗansa Oga Sani ya dawo daga Amurka da malfa mai faɗin faifai da wasu sirada masu nauyi, kowanne da ƙaho a gaba, ya ce daga yau hawan kaboyi za a riƙa yi. Ya tsara matsayi: shi ne a sama, sai babban mahayi, sai mahaya, sai masu yankan ciyawa. Ni ba na cikin layin, amma makulli yana hannuna.

Ga wanda bai sani ba, hawan nan ba na fizgar linzami ba ne. Da hannu ɗaya ake riƙe ragama, a sake. In kana so doki ya juya, sai ka kwantar masa da ita a wuya. In ka zauna baya, ya tsaya. In ka danna masa gwiwa a haƙarƙarin hagu, sai ya yi dama a kaikaice kamar kaguwa. Dawakin sun kama da wuri. Mahayan ne suka ba da wahala.

Wanda ya fi su iyawa shi ne Tanko, mai hawan wani bidin doki mai natsuwa. Sai dai Tanko yana cikin damuwa. Matarsa Hajara ta tafi gidansu a Kwandere haihuwar fari. An yi suna, an yi arba'in, yaro har ya fara zama, amma mahaifinta Baba Ari ya ƙi sakinta. Cewa yake, tun da surukin nasa ya sa malfa ya hau sama, ya daina ganin mutanen ƙasa. Tanko ya tura kawunsa, ya tura liman, duk a banza. Har tuwona ya fara ragewa, abin da bai taɓa yi ba.

Ana nan sai Oga ya shirya gasar bin hanya. Za a tashi daga barga, a tsallake rafi, a ratsa gonaki, a dawo. Wanda ya ci shi ne babban mahayi, kuma sabon sirdi nasa ne. Doka ɗaya ce mai tsanani: daga fita har dawowa ba sauka. A ƙyauren da ya raba filinmu da gonakin doya kuma, mahayi zai buɗe yana kan doki, ya wuce, ya rufe, ba tare da ya saki ƙyauren ba.

"Iya Kande," in ji Oga, "ke za ki tsaya a get, wato ƙyauren. Duk wanda ya taɓa ƙasa, ki busa."

Na ce, "Me ya sa ni?"

"Ke ba kya dariya, kuma ba ki da ɗan gida."

Na ce ya faɗi gaskiya.

Da na isa wurin da hantsi, sai na tarar da Baba Ari zaune a kan kujera 'yar tsuguno, daf da ƙyauren, domin gonar da ke bayan shingen tasa ce. Ba fartanya, ba kwando. Rigar Juma'a ce a jikinsa, ranar kuwa Asabar. Nan na san ba doya ya zo dubawa ba.

Na ce, "Baba Ari, dawaki za su wuce nan."

Ya ce, "Hanya ce, Kande. Su wuce mana."

Tanko ne ya fara ɓullowa, ya bar sauran can baya wajen rafi. Yana tafe gwanin sha'awa, hannu ɗaya a ragama, ɗayan a cinya. Ya jero da bidin jikin ƙyaure, ya miƙa hannu ya zare sakata, sannan idonsa ya faɗa kan surukinsa.

Kun san dai ba a gai da suruki daga sama. Sai ka sauka, ka cire hula, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa. In ya wuce a kan doki, Hajara sai dai ya gan ta a kasuwa. In ya sauka, usur yana bakina.

Sai Tanko ya yi abin da ba a koyar ba a ko'ina. Ya zare ƙafar dama, ya ƙetaro da ita, ya tsuguna a kan likkafar hagu, yana rataye a gefen doki kamar buhun gawayi. Hannu ɗaya a ƙahon sirdi, ɗaya a ƙyaure. Ba hannun cire malfa, sai ya yi ta girgiza kai har ta faɗi. Ya yi ta shure-shure har dogon takalmin dama ya fita.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Wa ke magana?"

"Tanko ne, Baba."

"Oho, Tanko. Ina gajiya?"

To gwiwar Tanko tana danne a haƙarƙarin bidin. Doki kuwa ya yi karatunsa da kyau. Sai ya fara tafiya dama a kaikaice, a hankali, Tanko yana miƙewa tsakaninsa da ƙyaure kamar igiyar shanya. Ƙyauren ya biyo su yana kuka. Da suka kai ƙarshe, Tanko ya karkata, bidin ya dawo da su. Baba Ari sai juya kujera yake yana bin su da gaisuwa.

"Ya aiki? Ya mutanen barga? Ya kawunka, ƙafar tasa ta yi sauƙi? Ya ruwan bana a wajenku?"

"Baba, ruwanmu ɗaya da ku!"

"Haka ne. Ya dokin?"

Mahaya biyu, Musa da Audu, suka iso, suka yi layi a baya. Musa ya ce, "Iya, wannan ai sauka ce!"

Na ce, "Ka ga ƙura a jikinsa? Rufe mini baki."

Na sunkuya ina leƙa ƙarƙashin doki. Tsakanin Tanko da ƙasa bai fi tafin hannu ba, amma haske yana wucewa. Sai na ga majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a cikin doki, ya fara zamewa. Baba Ari ya kai kan tambayar kajin gidan Tanko ke nan, sirdin ya mirgino ƙarƙashin ciki, Tanko ya zauna daɓas a kan kunyar doya. Hannunsa har lokacin yana kan ƙyaure.

Na busa.

Tanko ya ce, "Haba Iya! Ba ki gani ba!"

"Na gani, har doyar da ka fasa na gani."

Da ya ga ta ƙare, sai ya saki ƙyauren, ya cire ɗayan takalmin, ya ja gwiwa har gaban tsohon ya durƙusa sosai. Baba Ari yana ta tari, yana rufe baki da hannun riga, hawayen dariya na zuba.

Ya ce, "Yauwa. Yanzu na gane ka."

Sai ga Oga a sukwane, yana tambayar wa ya tare hanya. Na faɗa masa yadda aka yi. Ya ce, "Iya, a can Amurka ɗaga malfa kawai ake yi a wuce!"

Baba Ari ya ɗago kai ya ce, "Wannan ba Sani ba ne, ɗan abokina Alhaji?"

Oga ya dubi malfarsa, ya dubi ƙasa. Ya sauka. Na busa masa shi ma, tunda ba a ce ban da shi ba.

Musa ne ya ci sirdin, ya yi ta taƙama har ya ishe mu. Tanko kuwa, kafin ya tashi daga durƙuson, tsohon ya ce masa, "Ran Juma'a ka zo ka ɗauki iyalinka. Da ƙafa." Ya je da ƙafa, silifa ma ya sa. Hajara ta dawo da yaro a baya da kwandon doya a kai.

Abin da na koya a ranar, doki ba ya jin uzuri. Abin da jikinka ya gaya masa shi zai yi, ko kana tsakiyar gaisuwa. Mahayanmu kuma, ko an koya musu hawan wace ƙasa, da surukansu suke hawa. Shi ya sa har gobe, kafin a shata hanyar gasa a bargar nan, ni ake fara turawa in bi gona-gona ina tambayar wa ke auren 'yar wa. Kai Bala, na ji kana neman aure a Arikya. Ka faɗa mini gonar da wuri.