Zanin Gadon Liman

Gidan hayarmu na Treichville a Abidjan ƙofa tara ne, famfo ɗaya, igiyar shanya huɗu a tsakar gida. Wanda ya taɓa zama a irin wannan gida ya san ba a buƙatar rediyo. Shanya kawai za ki duba ki san wadda ta ɗinka sabon zani, da wadda mijinta ya yi mako bai kwana gida ba, da wadda ciki ya shiga tun kafin ta faɗa wa uwarta. Ni ma ina dubawa, ba zan yi ƙarya ba. Shi ya sa da abin ya zo kanmu na san abin da ke jiranmu.

Babana tun yana saurayi ya baro Maraɗi. Ya yi shekaru yana sayar da gwanjo a kasuwar Black Market ta Adjamé. Da ƙafa ta gaji ya bar wa ƙannena rumfar, ya riƙe limancin ƙaramin masallacin layinmu. Ba a biyansa ko sisi, amma limancin nan shi ke tashinsa daga gado, shi ke sa ya ɗaura rawani. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na dawo gabansa da zama, shi a uwar ɗaki, ni a falo.

Wata safiya bayan ya fita na shiga gyaran gado, na tarar da zanin a jiƙe. Ya naɗe shi ya tura ƙarƙashin matashi. Na daɗe a tsaye ina kallon naɗin nan, zuciyata na ciwo. Ban yi masa maganar ba, shi ma bai yi mini ba. Ran nan na hau motar haya ta gbaka zuwa Adjamé, inda ba a cika sanina ba, na sayo ledar shimfiɗa da zannuwa huɗu.

Cikin barci kawai abin ke zuwar masa. Kafin ya fita ya yi wanka ya sake tufafi, wallahi tsarkinsa ya fi na rabin masu binsa. Amma je ki gaya wa mutanen layinmu haka! Dama akwai masu gunagunin ya tsufa, suna so a ba na'ibinsa, wanda ƙanin mijin Hajiya maƙwabciyarmu ne. A ga zanin gado kullum a igiya daga ɗakin da ba jariri? Kwana uku ya ishe su.

Sai na buga ƙusa shida a bangon falo, na ja igiya uku. Ina ɗebo ruwa a bokiti kamar na girki, in kulle ƙofa, in yi wankin a baho da sabulun kabakuru da ruwan jabel mai kashe wari. Don kada a yi tambaya, har kayana na daina shanyawa a waje.

Da rani abin ya tafi daidai. Damina ce ta tona mini asiri. Ruwan Abidjan in ya tsuge sai ya yi kwanaki, iskar da ke tasowa daga tafkin lagun kanta a jiƙe take. Zani ya kwana biyu a igiya kina taɓawa yana sanyi. Na sa fanka, na bi da dutsen guga na gawayi, duk a banza, kafin ɗaya ya bushe wani ya jiƙe. Bango ya yi baƙi. Takalman Baba suka yi funfuna, littattafansa suka kumbura. Tabarmata a ƙarƙashin shanyar take, a nan nake kwana.

Hajiya ta tare ni a bakin famfo, gaban mata.

"Ke 'yar Liman, wai mu mayu ne da kike ɓoye mana kaya? Ko tsoro kike mu yanki bakin zaninki?"

"Hajiya, ƙusata ce, igiyata ce, ɗakin kuma ba ke ke biyan hayarsa ba."

"Warin damshin har ɗakina."

"To ki toshe hanci."

Daga ranar sunana ya koma mai girman kai. Aka daina aiko mini da abincin suna. Oho dai, ko a jikina. Mai gidan ma ta zo ta zazzaga mini Faransanci a kan fentin bangonta, na ce zan shafa mata sabo da hannuna, na rufe ƙofata.

Sai Baba ya fara tari. Ina jinsa a lasifika, tsakiyar Fatiha ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya ci gaba. Na kai shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya tambaye ni ko ɗakinmu na da damshi. Na ce kaɗan. Ya ce wannan kaɗan ɗin zai iya kwantar da tsoho. Na ce to. Na dawo na buɗe tagar baya, na ci gaba da shanyata. Ku ce taurin kai ne, na yarda. Ni dai a ganina tari na da magani a kanti, bakin mutane kuwa ba shi da shi.

Wata Juma'a da hantsi rana ta fito tarwai. Mata duk sun fito da wanki, tsakar gida ta cika. Baba ya leƙo falo, yana sunkuyawa ƙarƙashin zannuwan.

"Uwata, kwance igiyoyin nan."

"Ba zan kwance ba, Baba."

Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Ya dube ni.

"Na san abin da kike yi tun ranar farko. Allah ya yi miki albarka. Nawa tarin zan iya da shi. Naki ne ba zan iya ji ba."

Ni ban ma lura ina tari ba, wallahi.

Ya miƙa hannu ya janye zanin da ke ɗiga, ya haɗa da ledar, ya buɗe ƙofa. Na ce, "Baba, don Allah!" Bai waiwayo ba. Ya taka har igiyar tsakiya da rawaninsa, yana ƙoƙarin wurga zanin sama. Ledar ta faɗi ƙasa, kowa ya gan ta. Hira ta mutu. Ruwan famfo kawai ake ji yana zuba a bokiti.

Na fito na ɗauki ledar na kakkaɓe, na kama ɗaya gefen zanin muka baza shi tare. Sannan na juya na bi matan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ina jiran wadda za ta buɗe baki. Hajiya ta sunkuyar da kai cikin bahonta.

Ba a yi mako ba dattawa uku suka zo gaisuwa. Suka zauna a falon da ya fara bushewa, suka yabi Baba yabon da ban taɓa ji ba, suka ce ya yi wa addini hidima, lokaci ya yi da zai huta. Ba wanda ya ambaci zani. Na kawo musu ruwa don dole, na dire kofunan da ƙarfi.

Washegari muryar na'ibi ce ta fito a lasifika. Baba ya yi wankansa, ya ɗaura rawaninsa, ya je ya bi shi. Da ya dawo ya tarar da ni a kan baho ina wanki ina kukan takaici.

"Mutumin ya iya karatu, Uwata."

"Bai iya ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Yanzu Baba na kabari, ni kuma ina nan a ɗakin. Mutumin har yau shi ne liman, kuma kowa na yabonsa. In ya tayar da sallah, tashi nake in rufe taga, in yi tawa ni kaɗai.